Sana'ar tattara bayanan manoma da waya a fadamun Kebbi

Ɗan ƙaramin kamfani gare ni a Birnin Kebbi, aikinmu kuma guda ne, in wata ƙungiya ko wani shirin bunƙasa noma yana son sanin halin da manoma ke ciki sai a ba mu kwangila, mu ɗebi samari da ƴan mata mu koya musu tambayoyin, mu ba kowa waya, mu bazu cikin ƙauyuka. Mafi yawan aikin namu na shinkafa ne, wajen Argungu da Augie da Suru da Bunza har Bagudo da Yauri, wani lokaci albasa a Aliero, wani lokaci gero da dawa a tudu. Tun da anka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers, na bai wa manoma rance daga Babban Bankin Najeriya, a nan Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015 idon kowa ya dawo kan shinkafar Kebbi, kowa na son ya san manoma nawa ne, hekta nawa, buhu nawa ake samu, to a nan irinmu munka samu abin yi.

Da can da takarda ake yi, irin yadda malaman gona na KARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kebbi, sunka saba, kuma duk wanda ya yi zamanin takarda ya san wahalarta. Tambaya shafi ashirin, a kwashe a buhu a kawo gari, ruwa ya jiƙa wasu, rubutun wani ba ya karantuwa, sannan a zaunar da mutane su yi ta shigarwa a kwamfuta wata da watanni, kafin sakamako ya fito an riga an yi girbi an cinye. Abin da ya fi muni shine wanda zai samu inuwar mangwaro a bakin gari ya zauna ya cike takardu talatin da ka, bai ga manomi ko ɗaya ba, kuma ba ka da hanyar kama shi.

Yanzu da manhajar cike fom a waya mai suna KoboCollect muke aiki galibi, wani lokaci ODK Collect, in masu aikin suna da kuɗi su ce SurveyCTO suke so. Duk kusan gida ɗaya ne, ODK shine uban tafiyar, an fara shi wajen 2008 a Jami'ar Washington ta Amurka, Kobo da SurveyCTO a kansa anka gina manhajarsu ta waya, shi ya sa yaron da ya iya ɗaya ba ya shan wahalar ɗayan. Fom ɗin a Excel nake tsara shi, in ɗora a saba, wato ma'ajiyar bayanai ta intanet, kowa ya sauke a wayarsa tun muna gari, daga nan ko babu sabis ko ɗigo aiki na tafiya, sai an dawo inda akwai netwok a tura. Wannan shine abin da ya sa ya dace da mu, don akwai fadamun da in ka shiga wayarka ba ta ganin komai, a wajen Kamba kuwa sau da yawa layin Nijar ko na Benin ne zai riƙa shigo maka. Lokacin da anka rufe layukan waya a Zamfara cikin Satumba 2021 abokan sana'armu na can haka sunka riƙa yi, a cike a adana a waya, sai wani ya fita jihar sannan ya tura.

Cikin fom ɗin akwai dabaru masu rage ɓarna sosai. In manomi ya ce bai yi noman rani ba bana, duk tambayoyin injin ban ruwa da fetur da rijiya za su ɓace da kansu, ba sai an gajiyar da shi ba. In yaro ya rubuta shekarun mutum 250 ko ya ce buhu 900 a rabin hekta wayar ba za ta bari ya wuce ba sai ya gyara. Tana ɗaukar lokacin da anka fara da lokacin da anka gama, tana ɗaukar wurin da ake tsaye da GPS, mukan sa ta jira har kuskuren ya sauko mita 5 kafin ta karɓa. To da dare in na buɗe kwamfuta na ga hirar da ya kamata ta ci minti arba'in an gama ta cikin minti bakwai, ko na ga gidaje goma duk a ɗigo ɗaya a taswira, na san an koma gindin mangwaro, gobe da safe zan kira mutum in tambaye shi. Bayan haka kuma mukan koma wajen kamar mutum ɗaya cikin goma mu sake yi musu ƴan tambayoyi mu gwada da abin da anka rubuta. Yaran sun san da haka tun ranar horo, ba na ɓoye musu.

Amma fa duk wannan shine sashe mai sauƙi. Inda aikin yake da nauyi shine abin da manomi zai faɗa da yadda za a tambaye shi, don wayar abin da anka ba ta shi take riƙewa, in an ba ta ƙarya za ta kai ta Abuja tsaf da lambar GPS a jikinta, kuma a can za a fi yarda da ita saboda ta fito daga na'ura. Wannan abin na damuna ƙwarai, domin da waɗannan alƙaluma ake yanke shawarar inda za a kai taki da iri da injin ban ruwa.

Ɗauki girman gona. Fom zai zo daga masu aiki an rubuta hekta nawa kake nomawa, alhali manominmu ba da hekta yake lissafi ba, wani zai ce maka gonar tana cin kwano kaza na iri, wani ya ce aikin shanu na wuni biyu ce, wani ya ce eka uku don haka ya ji ana faɗi. Kuma amsar tana canzawa da abin da yake zato ya kawo ka, in yana jin tallafin taki ne gona sai ta ƙaru, in yana tsoron haraji ne ko bashin da ake bin ƙungiyarsu sai ta ragu, ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan, mutum ne mai kare abincin gidansa. Shi ya sa nake matsa wa duk mai ba mu aiki ya yarda a auna gonar da ƙafa, yaro ya kunna GPS ya zagaye iyakar gona shi da mai ita, wayar ta fitar da faɗin. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, kusan eka biyu da rabi, kuma abin da muke gani kullum shine masu ƙananan gonaki sun fi ɗaukar gonarsu ta fi yadda take girma. Aiki ne mai cin lokaci, a fadama kana tafiya kan kunya ƙafa na nutsewa cikin laka, ga rana, wani manomin gonakinsa uku kowace a wani gefe na gari, masu ba da kwangila kuma suna son a yi mutum goma a wuni. Nakan ce musu ku zaɓa, ko goma na ƙiyasi ko biyar na gaskiya, kuma na sha rasa aiki a kan wannan maganar.

Haka zancen buhu. Buhun shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, da ake kira mai kilo ɗari in ka ɗora a sikeli ba kullum yake kai wa ba, ya danganta da irin buhun da yadda anka cusa da kuma ko shinkafar ta bushe, wadda anka sheƙe jiya da wadda ta sha rana mako guda ba nauyinsu ɗaya ba. Gero da dawa kuma da dami ake lissafi, damin wani gari ya fi na wani. To kafin mu fara aiki a kowane yanki sai mun je kasuwa da sikeli mun auna buhu da kwano na wurin, in sa a cikin fom yadda yaro zai zaɓi ma'aunin da manomi ya faɗa da bakinsa, lissafin kilo kuma mu yi shi daga baya. Sannan akwai abin da fom ɗin waje ba ya tunawa da shi sam, manomi in ka ce nawa ka samu sau da yawa abin da ya shigo rumbu yake faɗi, bai sa zakka ba, bai sa wadda ya biya masu yanka da masu bugu da ita ba, bai sa wadda ya mayar wa wanda ya ba shi bashin taki ba. In ba ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba za ka rubuta amfanin gona ƙasa da yadda Allah ya bayar, a ce irin bai yi kyau ba alhali ya yi.

Shiga gari ma da ladabinsa. Ba a faɗa wa ƙauye da wayoyi a hannu haka kawai, sai an fara gaida hakimi ko mai gari, a zauna a ce ranka shi daɗe ga abin da ya kawo mu, a nemi Sarkin Noma ya haɗa mu da jama'a. Maganar farko da nake sa yarana su faɗa ita ce ba mu zo da rabon komai ba, rubuta suna ba alƙawarin taki ba ne. Wani dattijo a wani ƙauye na ƙasar Suru ya taɓa ce mini, ɗana, bara ma anka zo anka rubuta mu, shekaran bara anka ɗauki hotonmu, har yau ba mu ga kowa ba, ku kuma mi ag gare ku? Na ce Baba gaskiyarka, ni ba ni da abin ba ka, amma in ka yarda za mu auna gonarka kuma ba za mu tafi ba sai mun faɗa maka girmanta. Ya yarda, ya ɗauki sandarsa ya shige gaba. Mutanen nan sun gaji da a ƙirga su a tafi, bayan ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafa a fadamun jihar nan ba irin masu rubuta suna da ba su gani ba.

Ɓangaren mata kuwa in ba ka da ma'aikata mata to rabin aikin ka yi. Matan da ke turara shinkafa suna sayarwa, masu kiwon awaki, masu ƴar gonar kuɓewa da yakuwa a bayan gida, namiji baƙo ba zai shiga ya same su ba, in ka tambayi maigida kuma zai ce ai ba su noma. Ƴan matan da ke aiki da ni su ke shiga, su yi sallama su zauna kan tabarma a yi hira a tsanake, kuma bayanan da suke kawowa kan bashi da adashi da abincin gida sun fi na maza tsabta nesa ba kusa ba. Hoto sai an nemi izini, in mace ta ce a'a an wuce wurin. Ga harshe, a Dandi da Bagudo kana buƙatar mai jin Zabarmanci ko Dendi, a ƙasar Zuru mai jin Dakarci, a rugage mai Fulatanci, shi ya sa nake ɗaukar ƴan yankin maimakon in kwaso kowa daga Birnin Kebbi.

Akwai amanar da ke wuyanmu kuma. Wayar nan tana ɗauke da sunan mutum da lambarsa da inda gidansa yake da yawan shanunsa, a wannan zamani na ƴan bindiga ka san abin da wannan ke nufi in ta faɗa hannun da bai dace ba. Kowace waya da makulli, in an tura fom sai ya goge daga kanta, kuma ba na karɓar aikin da za a ce mu tambayi BVN, mutane sun sha damfara da shi, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ɗora wa mai tattarawa nauyin abin da ya tattara. Wuraren da ba lafiya kamar wasu sassan Danko-Wasagu da Sakaba ba na tura kowa, don baƙo mai zagaya gona da waya yana ɗaukar hoto ana iya ɗaukarsa ɗan leƙen asiri, ran yaron mutane ya fi kowace kwangila. Sai dai nakan rubuta a rahoto ƙarara cewa ga garuruwan da ba mu je ba, saboda waɗanda sunka fi kowa shan wahala su ne ba sa fitowa a lissafi, kar a karanta a ɗauka kowa lafiya yake noma.

Ta wajen kuɗi sana'ar ba ta da tabbas, aiki na zuwa ne lokacin shuka da lokacin girbi, tsakani sai haƙuri. Wayoyin Tecno da itel muke saye masu babban batir, kowa da pawa banki, don zafin Maris da Afrilu yana wuce digiri 40, waya ta yi zafi ta mutu, allo ma ba ya ganuwa a rana sai an kare da hula. Tun da anka cire tallafin fetur a Mayu 2023 kuɗin mashin zuwa ƙauye ya ninka, masu ba da aiki kuma wasu sai an yi wata uku ana bin su, ni kuwa ba na iya riƙe haƙƙin yaran da sunka sha rana, sau da yawa daga aljihuna nake fara biya.

Abin da na ɗora wa kaina yanzu, ko yana cikin kwangila ko babu, duk gonar da munka auna sai an rubuta wa mai ita girmanta a ƴar takarda an ba shi. Shawarar taki da malaman gona ke bayarwa a kan hekta take, har manhajar RiceAdvice ta cibiyar AfricaRice sai ka gaya mata faɗin gona kafin ta ce ga yawan NPK da yuriya da za ka zuba, to wanda yake zaton hekta ɗaya gare shi alhali rabi ce da ɗan ɗori ka ga yana zubar da kuɗin buhun taki a banza kowace shekara, haka in zai yi jinga da mai tarakta ko masu dashe. Noman rani mai zuwa ina son in ƙara da kiran taro a ƙofar mai gari bayan an gama aiki, a karanta wa jama'a matsakaicin abin da garinsu ya samu a hekta da na maƙwabtansu ba tare da ambaton sunan kowa ba, na fara magana da masu ba mu aiki biyu a kan su sa kuɗin wannan komawar cikin kasafi, ɗaya ya amince ɗayan ya ce sai ya tuntuɓi na sama da shi.