Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Idon Baba da Kwalbar Kawu

A makon jiya na tsaya ne inda malamina a Jami'ar Abdou Moumouni ya ɗora mini batun kundin masta: furotin masu ɗauke da seleniyom, wani sinadari da jiki ke buƙatar ɗan kaɗan daga abinci. Babban hutu na zuwa na kama bas daga Yamai zuwa Damagaram. A gidanmu na Birni na tarar yanar ido ta rufe wa Baba idon dama ruf, na hagu ma ya soma hazo. Sai da na yi magana ya gane ni.

Bayan isha'i muna zaune a tabarma, Kawu yana dafa shayi, Baba ya ce, "Ɗiyata, wane irin karatu ne wannan da ba ya ƙarewa?"

Na ɗauko rawaninsa daga jikin ƙusa. Na ce, "Baba, wannan kafin a naɗa shi dogon ƙyalle ne kawai. Haka furotin yake. Jiki yana saƙa shi tsiri guda, sai ya naɗu daidai sannan ya yi aiki." Ya yi dariya ya ce ashe har cikin jikin mutum akwai masu naɗi.

Akwai su kuwa. A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wani sashe, retikulum, inda ake naɗa furotin da za su fita waje ko su zauna a fatar ƙwayar. Ɗan Adam yana da furotin masu seleniyom iri 25, bakwai daga ciki a wannan sashe suke zaune. Abin da ya bambanta masu seleniyom da sauran furotin shi ne, cikin tubalan da ake gina furotin da su, wato amino asid, suna da ta 21, selenosistayin, wadda seleniyom ya maye gurbin farar wuta a cikinta. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake sa ta: alamar UGA a saƙon gado, wanda ƙwayar ke karantawa ta saƙa furotin, umarnin "tsaya" ce, amma idan akwai wani lanƙwasasshen yanki mai suna SECIS can ƙarshen saƙon, sai a karanta ta a matsayin "sa seleniyom, ci gaba".

Wanda nake nazari shi ne SELENOF. Yana manne da wani enzayim, wato furotin mai gudanar da wani aiki a ƙwaya, mai suna UGGT, mai duba furotin da bai naɗu da kyau ba ya mayar da shi a sake. Wanda ya ƙi gyaruwa, SELENOS da SELENOK suna cikin masu taimakawa a fitar da shi a farfasa. Cikin ɗoki na ƙara da cewa ɓerayen da aka cire wa SELENOF suna yin yanar ido tun suna ƙanana.

Kawu bai ce uffan ba. Washegari da hantsi sai ga shi a kan kabu-kabu da kwalbar ƙwayoyin seleniyom, jika shida ya biya. "Ga maganin da kika faɗa."

Raina ya sosu, don na san kuɗin ba a banza yake samunsu ba. Na ce, "Kawu, Allah ya saka da alheri, amma waɗancan ɓerayen furotin ɗin ne babu a jikinsu sam, ba abinci suka rasa ba. Yanar Baba ta tsufa ce, ƙwaya ba ta wanke ta, sai aiki." Na nuna masa rubutun kwalbar. Baligi mikrogram 55 na seleniyom yake buƙata a yini, mikrogram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na gram. Ƙwai, kifi da nama suna kawo shi, hatsi kuma gwargwadon ƙasar da ya tsiro. Wanda ya dinga haura 400 yana neman zubewar gashi, karyewar farce da warin tafarnuwa a baki.

"To rashinsa fa?"

Shi ma cuta ne. A gundumar Keshan ta ƙasar Sin, inda ƙasar noma ba ta da shi, ciwon zuciya ya kashe yara da mata da yawa. Finlan tun 1984 take zuba shi a takin zamani. Amma wannan aikin awo ne da lissafi, ba na kwalba a aljihu ba.

Inna ce ta raba gardamar daga bakin murhu: "Ku kai shi asibiti, ku bar mana surutu." Kawu ya tafi neman a karɓi kwalbar, mai shago ya ƙi. Mu kuma a asibiti aka ba mu ranar Talata. Yadda muka shawo kan Baba ya yarda wuƙa ta taɓa idonsa, da rawar da limamin unguwarmu ya taka, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.