Mai Babur da Direban da Bai Gan Shi Ba

Duk wanda ya daɗe yana neman abinci a kan babur a Katsina ya san abin da direban mota ke fara faɗa in ya buge mutum: "Wallahi ban gan shi ba." Sau da yawa kuma gaskiyarsa ce. Babur siriri ne, ƙarfen gefen gilashin gaban mota kaɗai ya isa ya ɓoye shi, balle ga direban da ke kan waya ko ya juya yana karɓar kuɗin fasinja. Babban abin da sana'ar nan ta koya mana ke nan: ka yi tuƙi kamar babu wanda ya gan ka. Ko da kai ke kan hannunka, mai mota ƙarfe ke kare shi, kai kuwa jikinka ne bodi.

Wurin da aka fi jin jiki shi ne mararraba da bakin layi. Mota ta taho daga gabanka za ta karya hagu ta ratsa hannunka, ko ta leƙo daga wani layi a kan titin IBB. Kada ka sakankance don kun haɗa ido da direba. Yana iya kallon inda kake alhali hankalinsa na kan motar da ke bayanka. Tayarsa ta gaba za ka sa wa ido. Da ta fara garawa ko ta karkata, fitowa zai yi, ya sa sigina ko bai sa ba. Tun kafin ka iso, sassauta totur, ɗora yatsu biyu a kan birkin hannu, ƙafa a kan na baya. Ga dalili: a gudun kilomita 50 a awa, babur na cin kusan mita 14 cikin sakan ɗaya, kuma kusan sakan ɗayan nan mutum ke ɗauka tsakanin ganin haɗari da taɓa birki. In kuma ka ninka gudu, tazarar da birki ke buƙata kafin ya tsayar da kai ninki huɗu take yi, ba biyu ba.

Maganar birki kuwa, akwai wata ɗabi'a da ke cutar da mu ƙwarai. Da yawa sun saki wayar birkin gaba ta yi lakwas, wasu ma sun cire ta, wai kada babur ya wuntsula da su. To ai idan aka taka birki nauyi gaba yake komawa, shi ya sa a kan busasshiyar kwalta birkin gaba ke yin kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, tayar ce za ta kafe ta yi ta jan ƙasa, babur ya karkace, ya je ya daki abin da yake gudu. Ba birkin gaba ke kayar da mutum ba, fizgarsa ce. A fara matsawa a hankali har gaban babur ya ɗan nutse, sannan a ƙara ƙarfi, tare da na baya, babur yana miƙe. A nemi titi marar mutane a gwada har hannu ya saba, don ranar tsoro abin da hannu ya sani shi yake yi. Inda za a yi hattara da shi su ne kan yashi da cikin kwana. Garinmu kuwa yashi ba ya rabuwa da gefen titi, musamman bayan ruwa ya ɗauke ko tifa ta wuce tana zubarwa. A gama rage gudu kafin a shiga kwana.

Mai Keke Napep idonsa na kan fasinja. Da an ɗaga masa hannu zai faɗa dama ya tsaya cak. Don haka kada ka taɓa kutsawa tsakaninsa da bakin titi, musamman wajen babbar kasuwa da ƙofar tasha. Ka bar tazarar sakan 3: zaɓi turken lantarki, in na gabanka ya wuce shi ka ƙirga uku a natse kafin kai ka iso. Motar da ke fake kuma, ba ta aƙalla mita ɗaya, ƙofa na buɗewa ba sallama.

Tirela da tanka ba a gardama da su. In ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganin ka. Idan zai karya dama sai ya fara buɗewa hagu, gurbin da ya bari sai ya yi kama da hanya. Tayoyin baya ne za su zo su rufe shi. A shataletale da kwanar shiga gari, tsaya bayansa har ya gama.

Hanyar Daura tana da nata darasi. Daura gabas take da Katsina, don haka mai tafiya da safe rana na dukan idonsa, mai dawowa da yamma ma haka. In ka ga inuwarka ta miƙe doguwa a gabanka, rana na bayanka, wato masu tahowa ba sa ganin ka sosai. Kunna fitila ko da rana ce, haka ma lokacin hazo. Sai direban da zai fito ya wuce wata motar alhali yana ganin babur na tahowa, don ya san kai za ka kauce. Ka kauce ɗin, amma rage gudu tukuna, domin bakin kwalta yakan yi tudu, sauka da gudu kuma faɗuwa ce. Da dare kada ka yarda da fitila ɗaya. Tana iya zama mota mai ido ɗaya.

Shi kansa babur a duba shi kowace safiya. Madubin da yara ke cirewa don gayu shi ne ke nuna maka mai tahowa a guje daga baya. Fitilar baya da ta birki su kasance suna kamawa. A Bajaj Boxer, iskar tayar gaba 25 ce a ma'aunin mai faci, ta baya 28, in da fasinja 32. A sa ya auna, kada a tsaya kan latsawa da yatsa. Sarƙa ta yi wasan santimita 2 zuwa 3. Kafin a tashi a ce wa fasinja, "Hajiya, a tattare hijabi," ko "Alhaji, a naɗe riga," don tayar baya in ta kama tufafi ba ta saki.

Hular kwano, wadda hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sawa a watan Janairun 2009, sai an ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa take aiki. Wadda aka ɗora kawai tun kafin kai ya kai ƙasa ta tashi. In kuma Allah ya ƙaddara ka tarar da ɗan'uwa a kwance, kada a fizge hular daga kansa, kada a ɗauke shi a naɗe, kada a ɗura masa ruwa. A tare hanya, a riƙe kai da wuya yadda suke, a danne inda jini ke zuba da ƙyalle mai tsabta, a kira 122, layin gaggawa na hukumar kiyaye haɗurra.