Sassaben zamani da yadda ya kamata a wayar da kan manomi

Duk shekara idan damina ta kankama, sai manyan jami'ai su fito da manyan riguna, a haƙa musu rami su sa dashe, a zuba ruwa, a ɗauki hoto, sannan a yi jawabi a kan sauyin yanayi. Ban raina wannan ƙoƙari ba, amma duk wanda ya koma wurin a tsakiyar rani ya san abin da zai tarar: awaki sun cinye wasu, rana ta ƙone sauran, domin ba a ɗora wa kowa alhakin ban ruwa ba. A ganina, babban abin da ya kamata a koya wa manomanmu ba dashe ba ne, raino ne, kuma maƙwabtanmu na Maraɗi sun riga mu gane haka da shekaru masu yawa.

A farkon shekarun 1980, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana aikin dasa itatuwa a yankin Maraɗi, kuma mafi yawan abin da ya dasa mutuwa yake yi. A 1983 ne ya lura cewa 'yan tsirran nan da manomi ke sarewa duk shekara lokacin sharar gona ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa, waɗanda saiwarsu ke nan da rai a cikin ƙasa. Itacen da ke da tsohuwar saiwa ba ya buƙatar ban ruwa, domin ya riga ya kai ga danshin da sabon dashe zai yi shekaru bai kai ba.

Aikin ba shi da wuya. Manomi zai duba kututturen kalgo ko sabara ko gawo da ke gonarsa, ya zaɓi toho uku zuwa biyar da suka fi ƙarfi da miƙewa, ya sare sauran. Waɗanda ya bari sai ya rage musu rassan ƙasa da lauje ko adda mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, sannan ya ɗaura tsumma a jiki domin mai wucewa ya san cewa itacen nan yana da mai shi. Bayan 'yan watanni zai koma ya sake gyarawa, kuma abin da ya sare ya zama itacen girki a gida. Wannan shi ne abin da ake kira sassaben zamani a Nijar, kuma binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan adam ya nuna cewa ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Shi yana kaɗe ganyensa ne da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, sai ya yi shar, dabbobi su fake a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar kashi a wurin. Tsofaffin manoma sun san cewa geron gindin gawo ya fi na sauran gona kyau tun kafin a zo da maganar iskar da ke ɗumama duniya.

To, me ya sa aka daɗe ana sarewa? Wani ɓangare na amsar yana cikin doka. A da, itatuwa a Nijar na hukuma ne, kuma ma'aikatan gandun daji kan ci tarar manomi idan ya sari itace ko da a gonarsa ne, saboda haka ya ga gara ya kawar da toho tun yana ƙarami. Da aka sassauta, manomi ya tabbata cewa abin da ya raina nasa ne, sai aikin ya bazu daga gona zuwa gona, maƙwabci yana gani yana kwaikwaya.

Shi ya sa nake ganin taron wayar da kai da ake yi a ɗakunan otal da Turanci ba zai kai mu ko'ina ba. Lokacin da ya dace a yi maganar shi ne gab da sharar gona, a rediyo da Hausa, da bakin masallaci bayan sallar Juma'a, da cikin gonar wanda ya riga ya gwada. Manoman Jibiya da Daura da Maigatari ba su da nisa da Nijar, kuma kuɗin motar da zai kai su su gani da idonsu bai kai na buga allunan taro ba. Dole kuma a zauna da makiyaya da masu saran itace a gaban mai gari a yi yarjejeniya a kan wanda zai sassabi reshe da lokacin da zai yi, domin manomin da aka sare wa gawon da ya raina shekara uku cikin dare ba zai sake barin wani ba.