Inda na kai da zaren haske, da furotin mai manne wa ko'ina

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana kan na'urar da nake haɗawa don gano wani furotin ta hanyar haske. Zaren haske (optical fibre) na roba nake amfani da shi, mai kaurin milimita 1, cikinsa PMMA, wata roba mai kama da gilashi. Na gasa shi kaɗan na lanƙwasa kamar harafin U, na goge ɓawon wajen lanƙwasar da samfefa mai laushi. Jar fitilar LED a baki ɗaya, ma'aunin haske a ɗayan, Arduino (ƙaramin allon kwamfuta) na karanta lamba. Kayan wutar a kasuwar Computer Village da ke Ikeja na saye su.

Haske na bin cikin zaren, amma wani ɗan kaɗan yana leƙowa waje, tazarar da ba ta wuce 'yan ɗaruruwan nanomita ba. Duk abin da ya zauna a nan sai ya canza hasken da ke isa ƙarshe. To, haske bai san wa ya zauna ba. Ka shimfiɗa antibodi (furotin garkuwar jiki mai kama abin da ya dace da shi kaɗai) don ya cafke furotin ɗaya, sai wasu barkatai su zo su lafe a jikin robar. Dalili kuwa, roba ba ta jituwa da ruwa, furotin ma yana da sassan da ke gudun ruwa, sai su manne wa juna. Lamba ta motsa, ka ɗauka kamu ka yi.

Maganin da na fi gamsuwa da shi a yanzu shi ne cike guraben tun kafin baƙi su iso: bayan antibodi ya zauna, in jiƙa zaren a BSA (furotin jinin shanu) kashi 1 cikin 100 na kamar awa guda, in wanke da ruwan PBS (ruwan gishiri na ɗakin gwaji) mai Tween 20 (wani irin sabulu mara ƙarfi) kashi 0.05 cikin 100. Madarar gari marar kitse ma tana yi, ga araha, sai dai yawancin ta kanti mai maiƙo ce, kuma akwai biotin (wani bitamin) a madara, kada mai aiki da streptavidin (furotin mai cafke biotin) ya kusance ta. PEG (wani sinadari mai son ruwa) ya fi tsafta, don rigar ruwa yake yi wa robar, amma ɗaura shi aiki ne na ɗakin gwaji. 

Na ƙara zare na biyu, an toshe shi da BSA amma babu antibodi. Abin da ya karanta nake cirewa daga na farko. Da zafin Legas da yadda wuta ke rawa, LED ba ta tsayawa wuri ɗaya, shi ya sa na koma batir. Wanda bai sa zaren nan na biyu ba, ni dai ban yarda da lambarsa ba tukuna.