Awon Tsaye da Awon Zaune

Wata Talata ce cikin Afrilu, irin zafin nan na Gombe da tun ƙarfe goma na safe fanka take hura wa mutum iska kamar daga bakin murhu. Masu binciken kuɗi sun zo ofishinmu, oga ya leƙo ya ce in ɗauko fayil ɗin bara. Fayil ɗin yana can saman kanta. Na yi ɗage, na miƙa hannu, sai na ji keet a hammatar dama. Ɗinki ya farke tun daga nan har kusan ƙugu, ga baƙi uku zaune a bayana. Da hannun hagu na sauko da fayil ɗin, na ja mayafi na naɗe jikina kamar mai zazzaɓi, haka na wuni har ƙarfe huɗu, damtse manne da haƙarƙari. Ko azahar ban yi ba sai da kowa ta fita daga ɗakin sallar mata.

A Keke Napep zuwa Tumfure tela na yi ta zagi a zuci. Da na isa gida na tsaya gaban madubi, sai zagin ya dawo kaina. An ɗauki lokaci kafin in gane cewa laifin na wata tsohuwar riga ce da ke ƙasan akwatina.

Kamar yawancin matan garin nan, ba na tsayawa namiji ya zagaya ni da tef. Riga nake ba ƙanina ya kai wa tela a matsayin awo. Rigar kuwa cikin kayan lefena take, tun kafin haihuwa biyu. Kullum saƙon ɗaya ne: a ce masa ya ƙara kaɗan. Kaɗan nawa? A ina? Tela ba boka ba ne. Sai ya ƙara inci ɗaya ta kowane gefe, ya bar hammata da damtse yadda suke, alhali nan ne jiki ya fi ƙaruwa. Shekara da shekaru ina biyan kuɗi ana yi wa wata amarya ɗinki, ni kuma ina cusa kaina a ciki. Kuma in faɗi gaskiya, ba rashin sani ba ne kawai. Canza rigar awon kamar amincewa ne cewa jikin nan ya zo zama, ni kuwa kullum ina gaya wa kaina bayan azumi zan rame.

Bayan abin da ya faru ranar Talatar nan sai na tsallaka ɗaya gefen. Na sayi baƙaƙen abayoyi uku da bubu biyu, irin waɗanda mutum biyu za su shiga su bar wa yaro wuri. Ba abin da ya sake farkewa, wannan kam gaskiya ne. Amma hannun abaya ya share tebur, ya faɗa tawadar hatimi, ya maƙale a mariƙin durowa. Ofishinmu a hawa na biyu yake, kullum hannu ɗaya riƙe da fayil, ɗaya tattare da gindin riga don kada in taka. Da hunturu ya shigo, kafin in sauka daga keke baƙar abaya ta koma ruwan ƙasa. Da bazara kuma gumi ya bushe ya bar farin zane a baya kamar taswira. Ga shi ba ta ɓoye komai ba, ƙara ni ma ta yi. Shekarata 31 a lokacin, amma wani dattijo mai furfura da ya zo neman takarda Mama ya kira ni.

Wata babbar ma'aikaciya da duk muke ce wa Adda, ita ma mai jiki ce masha Allah, amma kullum tsaf kamar an zana ta, ta ja ni gefe ta ce, "Ke kam wa ya rasu ne kike ta takaba haka?" Ranar Asabar ta ɗauke ni zuwa Jekadafari, gidan wata dattijuwa mai ɗinki da tsohon keken Butterfly na ƙafa.

Na miƙa mata rigar awon. Ta ɗaga ta sama, ta dube ni ta saman tabarau, ta ajiye ta a kan tabarma.

"Wannan ta wace ce?"

"Tawa ce, Goggo."

"Ta zama ta ƙanwarki. Wane aiki kike yi, 'yata?"

Ban taɓa jin tela ya yi wannan tambayar ba. Na ce ofis. Ta ce ofis ba aiki ba ne, wuri ne, in gaya mata abin da jikina yake yi daga safe zuwa yamma. Na lissafa: zama, hawa bene, miƙa hannu saman kanta, sunkuyawa ƙasan durowa, alwala. Ta auna ni a tsaye, mazaunai inci 51. Ta jawo kujerar roba ta ce in zauna yadda nake zama a ofis, kada in haɗiye ciki don ba hoto za a ɗauka ba. Ta sake zagayawa da tef, ya nuna 55. Ta kawo tef ɗin daidai idona ta ce, "Kin ga inci huɗun nan? Su ne suke fasa miki zif. Awa nawa kike yi a tsaye, awa nawa a zaune?"

Abin da na fi daɗewa ina mamaki shi ne batun kafaɗa. Ni a tunanina mai jiki komai nata babba ne. Ashe kafaɗa ƙashi ce, ba ta bin ƙiba yadda ciki da cinya suke bi. Tawa ba ta wuce ta ƙanwata siririya da komai ba. Rigunan kanti kuwa in an ƙara musu lamba ko'ina ake buɗawa, shi ya sa ɗinkin kafaɗa yake saukowa tsakiyar damtse, wuya ya zame, mutum ya zama kamar ya ari rigar wani. Goggo ta ce a kama kafaɗa daidai, a bar wa ƙirji wurin numfashi, daga ƙasan ƙirji kuma a saki riga ta buɗe a hankali. Ba matsewa, ba buhu.

Sai hammata, wadda ta kunyata ni. Na ce ta zurfafa ta sosai don in samu sakewa. Ta ƙi. Ta ce in hammata ta yi ƙasa, duk sanda na ɗaga hannu rigar gaba ɗaya za ta biyo shi sama, ta ja ɗinki. Ita sama take yanka ta, ta faɗaɗa damtse, sannan ta dasa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a ƙarƙashin hammatar, irin wanda ake gani a tsofaffin taguwoyin maza. Da ta harhaɗa rigar farko da manyan ɗinki, kafin ta gama ta, ta sa ni na saka, na taɓo saman ƙofarta, na yi ruku'u, na naɗe hannu har gwiwar hannu kamar zan yi alwala. A nan muka ga bakin hannun ya yi ƙunci, ta warware. Wannan gwajin yanzu ko a kanti nake yinsa, mai kanti ya yi ta kallona in ya ga dama.

Ta kuma bar rarar inci ɗaya da rabi a cikin kowane gefe, ta sa aljihu a ɗinkin gefen dama. Ban roƙi aljihu ba, amma yanzu rigar da ba ta da shi ba ta zuwa ofis. Makullin kanta da waya sun samu gida.

Batun yadi kuwa, abin yana ba ni dariya mai ciwo. Garin da har unguwa guda ake kira BCGA saboda kamfanin audugar Turawa, garin da iyayenmu suka ga ana lodin auduga, yau sai ka zaga kasuwa ka sha wuya kafin ka samu atamfa ta auduga zalla a farashin da ma'aikaci zai iya. Masaƙun Kaduna sun durƙushe, yawancin abin da ke sauka daga Kantin Kwari mai araha na roba ne ko gauraye. Ga siririya wannan ƙaramar damuwa ce. Ga mai jiki, da fata ke haɗuwa da fata a wurare da yawa, roba azaba ce: ba ta shan gumi, sai ta riƙe shi a jiki, ƙurajen zafi su fito, wari ya biyo baya komai turaren da aka yi. Goggo ta koya min gwajin ashana. Ki zare ɗan zare daga gefen yadi ki kunna masa wuta. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa. Roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri, tana warin leda. Ba kowane ɗan kasuwa ke yarda a yi a gabansa ba, amma wanda ya san kayansa da kansa yake miƙo ashanar.

Kuskure biyu na yi duk da haka. Na farko, na sayi atamfa mai kyau na bari wani tela ya yi mata shafi da yadin roba mai santsi, auduga tana waje tana shan iska ni ina ciki ina dahuwa. Na biyu, ban wanke wata ba kafin a yanka, wankin farko ta ja, rigar ta ɗage. Yanzu kowace atamfa sai ta sha ruwa ta bushe kafin ta ga almakashi.

Akwai wata magana da mata ba sa yi sai a tsakaninsu, ita ce gogar cinya. Na sha isa gida ina tafiya kamar wadda aka yi wa sabuwar sakiya. Maganinta bai kai kuɗin katin waya ba: wandon auduga mara nauyi, mai tsayawa a gwiwa, a ƙarƙashin doguwar riga ko siket. Rigar mama ma haka. Na yi shekaru ina ɗaure igiyoyin kafaɗa har suna huda min fata, ashe zagayen ƙirjin ne yake ɗaukar nauyi, in shi ya yi daidai kafaɗa ta huta, rigar sama ma ta zauna. Takalmi kuwa da yamma nake saye, lokacin da ƙafa ta gama kumbura.

Kayan kanti da na intanet ban daina ba, hankali dai na yi. A gwanjo, lamba 20 ta Ingila ita ce kusan 16 ta Amurka, 48 ta Turai, in ba ki duba ƙasar da rigar ta fito ba sai ki yi murnar banza. Waɗanda ake kawowa daga Cana kuwa, na taɓa yin odar wata da aka jera mata X uku, da ta iso 'yar yayata mai shekara sha biyar ta saka. Masu talla a WhatsApp da Instagram kalma ɗaya ce a bakinsu, wai tana shiga kowa. Yanzu cewa nake a shimfiɗa rigar a ƙasa, a ɗora tef daga hammata zuwa hammata, a turo min hoto. In ninka lambar biyu, in ba ta wuce awon ƙirjina da inci uku ko huɗu ba, a kai kasuwa. Wasu suna jin haushi. Kuɗina ne.

Launi ma na sake ra'ayi. An daɗe ana cewa mai jiki ta tsaya a baƙi da ƙananan zane. Ni dai shuɗi mai duhu, kore da ruwan goro sun fi yi min, kuma babban zane ba laifi ba ne in an san inda aka ajiye shi. Sau ɗaya wani ya yanka min atamfa mai manyan da'irori, biyu suka faɗa daidai inda bai kamata ba, na zama abin kallo har ga kaina. Tun daga nan nake shimfiɗa atamfa gaban mai ɗinki mu yi shawarar inda kowane fure zai zauna.

Kada wata ta ɗauka ina cewa ƙiba ba ta da nata lissafin. Ina zuwa awon jini, ina taka ƙafa da yamma, na rage lemon kwalba. Amma wannan tsakanina da likita ne, tafiya ce ta shekaru, ofis kuwa Litinin mai zuwa ne. A aikin ma na ga bambanci. Da can in za a je taro baya nake zama, in ana neman mai tashi ya yi bayani sai in duƙar da kai, don rabin hankalina yana kan zif da mayafi. Rahoton da na gabatar a tsaye gaban shugabanni bara, da rigar Goggo na yi shi, kuma sai da na zauna na tuna ban ja mayafi ko sau ɗaya ba.

Riguna shida nake juyawa yanzu, duk yanka ɗaya, yadi da wuya ne suka bambanta. Bayan Sallah nake kai ɗinki, lokacin da teloli suke hamma, ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace shekara Goggo tana sake auna ni tsaye da zaune, ta rubuta a wani littafin makaranta da ya sha man keke. Bana ta ce 56, ba ta ƙara ko kalma ba, ta lashi fensir ta rubuta.

Inda har yau ban samu mafita ba shi ne anko. Atamfa yadi shida ce ga kowa, faɗinta bai kai inci 50 ba. Siririya ta fitar da riga da siket da ɗankwali har ta rage wa 'yarta. Ni doguwar riga kaɗai tana cinye kusan biyar, abin da ya saura ba ya ɗauruwa yadda ake so. In an fitar da anko a ofis, ni da Adda turmi uku muke haɗa kuɗi mu saya mu raba, kowa yadi tara. Watan jiya na kawo shawara a taron mata cewa a riƙa yanko wa masu so yadi biyu-biyu daga turmi guda na daban, kowa ta biya nata. Sakatariya ta ce za a duba. Bikin saura mako uku, kuma Adda ta riga ta turo min rabon kuɗinta.