Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Sifana da Safe, Zare da Yamma

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a shekarun da garejinmu ya zama matattarar masu son tsohuwar Fijo, waɗanda kuma idan la'asar ta yi sanyi sai su wanke hannu su nufi filin horo. Mafi yawansu 'yan dambe ne, sai ɗaiɗaikun masu takwando da karate. Ba zan tsallake wannan zangon ba sai na shimfiɗa yadda ake tafiyar da abubuwan biyu tare, domin wanda ya haɗa su babu tsari, ko dai ya kashe inji ko ya nakasa hannu. Kashin yau na aiki ne zalla.

Motar da ta tara mu ita ce Peugeot 504. Faransa ta fito da ita a 1968, masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta yi shekaru tana harhaɗa ta, kuma a wannan shekarar ta 1975 ne ta lashe tseren Safari na Kenya. Injin da aka fi gani a nan shi ne mai lita biyu, silinda huɗu, a kishingiɗe gefe guda, da kafireto a kansa. Inji ne mai haƙuri, amma akwai aiki guda da yake tona asirin hannun bakanike, wato saitin tafet, daidaita 'yar ratar da ke tsakanin roka da kan bawul.

Ana yin sa ne inji na da sanyi ƙalau, wanda ya kwana bai tashi ba. A cire murfin saman inji, a kwance fulogi huɗun don injin ya riƙa juyawa da sauƙi, a sa giya ta huɗu a riƙa tura motar kaɗan-kaɗan a shimfiɗaɗɗen wuri. Ratar bawul ɗin shiga milimita 0.10 ce, ta bawul ɗin hayaƙi kuma 0.25. Abin da ke rikita sabon hannu shi ne lissafin silinda. A wannan injin, ta ɗaya tana can baya wajen kuloci, ba gaba wajen lagireto ba. Idan bawul ɗin hayaƙi na silinda ta 1 ya buɗe gaba ɗaya, sai a saita na shiga na 3 da na hayaƙi na 4. Idan na 3 ya buɗe, a saita na shiga na 4 da na hayaƙi na 2. Na 4 ya buɗe, shiga na 2 da hayaƙi na 1. Na 2 ya buɗe, shiga na 1 da hayaƙi na 3. Haka aikin ke bin jerin tashin wutar injin, 1-3-4-2.

Lambobin kowa zai iya haddace su. Abin da ba ya haddatuwa shi ne jin da ke cikin yatsa. Za ka sassauta noti, ka zura ganyen filageji, wato siririn ƙarfen auna rata, tsakanin roka da kan bawul, ka juya sukuru har ganyen ya riƙa wucewa da ɗan ja, kamar wuƙa a cikin sabulu. Sai ka riƙe sukurun da sukundireba ya tsaya cak, ka ɗaure notin, ka sake gwadawa, domin ɗaurin yakan ja sukurun ya matse ratar. Milimita 0.10 kusan kaurin takarda guda ne. Idan ratar bawul ɗin hayaƙi ta matse, da zarar inji ya yi zafi ƙarfe ya miƙe, bawul ba zai zauna daram a mazauninsa ba, zafin da ya kamata ya sauke a nan ya rasa hanya, bakinsa ya ƙone. Daga nan sai mota ta fara rawa a tsaye, ƙarfi ya ragu, a ƙarshe a sauke kan inji. Idan kuma ratar ta yi yawa, ƙas-ƙas za ka riƙa ji, mota tana ja da ƙyar.

To ga inda dambe ya shigo. Hannun da aka ɗaure jiya da yamma aka kai duka da shi, yau da safe a kumbure yake, kan yatsu a dakushe. Mai shi zai rantse ganyen yana wucewa daidai, alhali ya matse shi. Don haka dokar da aka kafa a tsakaninmu ba ta da sassauci: wanda ya sa zare jiya, yau ba ya taɓa filageji, ba ya saita kwantak, ba ya buɗe kafireto. A ba shi wanke-wanken kaya da canjin baƙin mai, aikin awo ya jira kwana biyu ko uku har kumburi ya saɓe. Ni a wurina wannan ba tsanani ba ne, amana ce, domin mai mota ba zai san an ƙona masa bawul ba sai bayan wata guda yana kan hanyar Zariya.

Damben gargajiya, wanda asalinsa wasan mahauta ne, hannu ɗaya ake ɗaurewa. Shi ne mashi, ɗayan kuma a buɗe yake yana kariya, shi ne garkuwa. Ana naɗe dunƙulallen hannu da tsumma, a bi shi da zare a matse har ya yi tauri. Turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an yi kisa. Irin wannan ɗaurin na ranar wasa ne. Kuskuren da yara ke yi shi ne ɗaura zare kullum suna dukan buhu da shi, wai hannu ya saba. Hannu ba ya sabawa da tarewar jini. A horon yau da kullum bandeji irin na 'yan damben zamani ya fi, mai tsawon mita huɗu da rabi. A rataya madaukin a babban yatsa, a zagaya wuyan hannu sau uku, tafin hannu sau uku, a ratsa tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya ana komawa wuyan hannu, a rufe gaɓoɓin dunƙule, a ƙarasa a wuyan hannu. Yatsu su kasance a ware lokacin naɗi, ta yadda idan aka dunƙule zai kama da kansa. Gwajinsa mai sauƙi ne. Danna farce ya yi fari, ka saki. Idan jan bai dawo cikin daƙiƙa biyu ba, ko ka ji yatsu na tsira kamar tururuwa na bi, warware ka sake.

Karayar da ta fi kama masu duka ita ce ta ƙashin tafin hannu da ke bayan ƙaramin yatsa. Tana faruwa idan duka ya sauka a kan gaɓoɓi biyu na ƙarshe maimakon na manuniya da na tsakiya, waɗanda su ne a miƙe da ƙashin damtse. Alamarta, gaɓar ƙaramin yatsa ta nutse, bayan hannu ya haye. Warkewa kan ɗauki mako huɗu zuwa shida, kuma a je asibiti a ɗauki hoto kafin kowa ya ja ko ya murɗa. Idan ƙashin ya haɗe a juye, ƙaramin yatsa zai riƙa hawa kan na kusa da shi duk lokacin da aka dunƙule, riƙon sifana ya lalace ke nan.

Buhun duka shi ma yana da nasa laifin. Yashi zalla da ya kwana biyu a rataye yakan danƙare a ƙasa ya zama kamar dutse. A cika buhun da tsummoki da garin katako, a sa yashi kaɗan a leda a tsakiya don nauyi. Gareji ba ya rasa tsohuwar taya, kuma masu takwando na son rataye ta suna gwada ƙafa, sai dai a shafa ta da tsumma tukuna ko'ina. Inda tsumman ya maƙale, wayar cikin taya ce ta ɓullo, kuma za ta tsaga ƙafa. Waɗannan yaran ba su da gwani kamar Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar, wanda ya ci azurfa a Olamfik na Riyo a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017. Tsohon tub da aka yanka faɗin yatsu uku aka ɗaure a jikin ginshiƙi ya wadatar wajen horon jan hannu da ƙafa.

Inda wasan ke yi wa aiki rana shi ne ƙugu. Ɗan damben da ya ƙware ya san duka ba daga kafaɗa yake fitowa ba, daga ƙafar baya yake tasowa, ya bi ta ƙugu. Notin taya ma haka yake so. Yawancin ƙananan motoci ana ɗaure notinsu ne a wajajen nita-mita 100, wato ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti. Da wilsifana mai tsawon rabin mita, ƙarfin kilo 20 kake buƙata a bakinta. Idan tsawonta santimita 25 ne, sai kilo 40. Ka ga ashe tsawon ƙarfe da tsayuwa ne maganin, ba cije baki ba. A sassauta notin kwata ɗaya taya na ƙasa kafin a sa jak, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe, a jawo sifana zuwa jiki. Idan wuri ya tilasta turawa, a tura da tafin hannu a buɗe, domin ranar da noti ya saki ba zato, dunƙulallen hannu bodi zai daka. Wajen mayarwa a fara da yatsu, a ɗaure a gicciye, a ƙarasa bayan an sauke motar. Masu ƙarfin damtse sun fi kowa tsinke bolti, musamman fulogi a kan inji na alminiyam, inda zaren ramin ke cinyewa da ƙaramin ganganci. Fulogi da hannu ake fara murɗa shi har ya zauna, sannan sifana.

Ƙarfi kuma yakan ruɗi mai shi. Inji da giyabos na kwangiri da sarƙa ne, ba na nuna bajinta ba. Ba a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ba a kuma tokare ta da bulon siminti, wanda ke rugujewa lokaci guda. Kambu da laya da zobe duk a cire kafin a sunkuya kan inji, saboda fanbel da fanka na fizge abin da ke reto, zobe kuma idan ya haɗa kan batir da ƙarfe yakan yi zafin da zai ƙona yatsa har tsoka. Wayar batir ta ƙasa, mai alamar ragi, ita ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe. Kuma duk wanda ya sauke kan injin 504 kada ya juya kirankishaf sai ya danne hannayen silinda, wato bututun ƙarfen da fistin ke kai-komo a ciki, da bolti da washa, domin na cirewa ne, ruwa ke zagaye da su. Ɗaya ya ɗaga, hatimin ƙasansa ya tashi, ruwa ya gangara cikin baƙin mai.

Fitar da iska daga birki aikin mutum biyu ne, kuma a nan ake gane yaron da ya iya bin ƙirga a filin horo. Ana farawa da tayar da ta fi nisa da tukunyar birki, baya ta dama, sai baya ta hagu, gaba ta dama, gaba ta hagu. Maigida na ƙasa da ƙaramar sifana da siririn tiyo a cikin kwalba, yaro na kan kujera.

"Danna sau uku. Riƙe!"

"Na riƙe, maigida."

Sai a buɗe ɗan notin fitar da iska da ke jikin birkin tayar, mai ya fito da kumfa, feda ta nutse.

"Ta sauka, maigida."

"Kar ka saki sai na ce."

A rufe tukuna, sannan ya ɗaga ƙafa. Ya riga ya saki, iska ta koma, an dawo farko. A riƙa leƙa kofin mai ana ƙarawa kada ya ƙafe. Man birki yana shan damshin iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, ba a kuma amfani da ragowar gwangwanin da ya daɗe a buɗe.

Akwai dokar da ta fi ta filageji nauyi. Wanda aka buge a ka, ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa lau, ba ya tuƙi a ranar, ba ya gwajin motar kowa washegari. Mota mai gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa guda, kuma ƙwaƙwalwar da ta girgiza takan yi jinkiri ba tare da mai ita ya sani ba. A karɓi makulli, wani ya kai shi gida, a kwana ana lura da shi. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ba ya tasuwa, ko magana ta harɗe, asibiti ne a daren, ba a jiran safiya. Na fi jin zafin wannan fiye da komai a harkar, domin kunya ce kawai ke sa saurayi ya ce a bar masa makullinsa, abokai kuma su yi shiru.

Wanke hannu da fetur al'ada ce da ya kamata ta mutu. Yana kwashe maiƙon fata, ta bushe ta tsage, balle da hunturu, sannan a ɗora bandeji da gumi a kan tsagar. A fara murza ɗan man gyaɗa ya narkar da baƙin mai, a goge da tsumma, a wanke da sabulu, a shafa man kaɗanya. Da bazara kuwa, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, wanda ya wuni a rana kan inji ya riga ya zubar da ruwan jikinsa kafin ya isa fili. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa kurɓa tun azahar. Fitsari ya yi ja, horon ranar ya zama na tsayuwa da motsin ƙafa kawai, babu karawa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga shekarar da aka sauke injin wata 504 doguwa har ƙasa, daga awon fistin da zobe zuwa ranar da aka tayar da ita.