Robar Shaf: Wasiƙa Daga Hamburg Zuwa Ga Masu Mota A Gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa, direbobi da kanikawa da duk mai mota. Ina gaishe ku daga Hamburg ta ƙasar Jamus, inda nake kanikanci. Da fatan kowa da iyalinsa suna lafiya.

Ƙanena ne ya jawo wannan wasiƙa. Kwanakin baya ya turo mini murya ta WhatsApp, ya kara wayar kusa da tayar gaba ta Golf ɗinsa yana shan kwana a hankali, sai na ji ƙas-ƙas-ƙas. Ya ce, "Yaya, me ke damunta?" Na ce yaushe rabonka da leƙa robar shaf? Ya yi shiru. Da hoton ya zo, robar ta yage tun tuni, wani ya naɗe wurin da leda ya ɗaure da waya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san kan shaf ɗin ya riga ya tafi, kuma da an canza roba watannin baya da ba a kai ga wannan asara ba.

Motocin da muka fi hawa, Golf da Corolla da Accord da Fijo 406, duk da ƙafafun gaba suke ja. Tayar da ke jan mota ita ce kuma ke juyawa da sitiyari, ita ce ke hawa da sauka a kan gargada. Shaf shi ne sandar ƙarfen da ke kai juyi daga giya zuwa taya. Abin da ke ba shi damar lanƙwasawa yana kuma juya taya shi ne gaɓoɓin nan biyu da ke bakinsa, su ake kira kan shaf. Ta wajen taya, a mafi yawan motoci, ƙwallayen ƙarfe shida ne a cikin keji, ƙirar da wani injiniyan kamfanin Ford mai suna Alfred Rzeppa ya fito da ita kusan shekara 100 da suka wuce. Ta wajen giya kuwa galibi mai yatsu uku ce, tana zamewa ciki da waje. Dukansu a cikin giris suke rayuwa, kuma robar nan mai ninki-ninki ita kaɗai ce ke riƙe giris a ciki, ta hana ƙasa da ruwa shiga. Da ta tsage, juyawar taya sai ta watso giris waje, ƙura ta samu ƙofa. Yashi da giris idan suka haɗu kuwa dutsen niƙa ne, ƙarfen suke ci. A ƙurar hunturunmu da taɓon damina, abin ba ya ɗaukar lokaci.

A nan Jamus ba a barin mutum ya yi sakaci da ita. Sabuwar mota tana zuwa binciken lafiya bayan shekara 3, daga nan kuma duk bayan shekara 2. Mai binciken zai shiga ƙarƙashi da tocila, idan ya ga robar shaf a yage ba zai manna maka shaidar wucewa a lamba ba sai ka gyara. Wannan ya shafe ku kai tsaye, domin tsofaffin motocin da masu su suka ga gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu, da yawa tashar jiragen ruwa ake kai su, su sauka Kwatano ko Legas. Sun sha sanyi da gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, robobinsu sun bushe. Fenti na sheƙi, amma ƙasa fa sai an durƙusa.

Dubawar ba ta buƙatar kanikanci. Ka murɗa sitiyari har ƙarshe, ka leƙa bayan tayar. Ka buɗa ninkin robar da yatsa, ka ga ko ta fara tsattsagewa. Idan ka ga baƙin maiƙo ya fantsama a cikin wili ko jikin shokabzoba, ta riga ta ɓule. Kada ka jira ƙara. Ƙas-ƙas a kwana na nufin gaɓar waje ta cinye, karkarwa lokacin da ka taka totur kuma sau da yawa ta ciki ce. A wannan matakin sabuwar roba ba ta warkar da komai, sai sabon kan shaf.

'Yan'uwana kanikawa, a nan nake roƙonku. Idan za a canza roba, a ciro kan shaf ɗin gaba ɗaya a wanke tsohon giris tas, a duba ƙwallaye da hanyoyinsu ko sun yi rami. Wanda ya cusa sabon giris a kan mai yashi bai yi aiki ba. A sa baƙin giris ɗin da ke zuwa a kwalin robar, ba na boris ba, a zuba shi duka. Gaɓar ciki a wasu motoci nata giris daban ne, a kula. A ɗaure da kilif ɗin ƙarfe a matse da filayarsa. Waya tana yanka roba, igiyar tsohon tub kuma tana saki. Babban notin tsakiyar taya a sa sabo, a ɗaure shi daidai ƙarfin da kamfani ya faɗa, don shi ke riƙe da boris. Kuma kada a sauke nauyin mota a tura ta alhali notin yana kwance. Idan an zare shaf daga giya, a duba man giya kafin a ba mai mota makulli.

Akwai roba mai tsaga da ake haɗawa da gam ba tare da an kwance shaf ba. Ni dai ban taɓa sa wa mutumin da nake jin nauyinsa ita ba, sai dai a kan hanya, don a ƙarasa gida.

Ƙanena ya sayi sabon kan shaf na hagu. Na ce kafin ya bar garejin a duba masa na dama, aka tarar robar ta fara tsagewa amma giris bai fita ba tukuna, ranar aka canza ta.

A gaida mutanen gida. Allah ya kiyaye hanya.

Ɗan'uwanku bakanike, daga Hamburg.